Malama Leah da Ranar da Kwamfutarta Ta Hau Babur

Kowace safiya, kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, Malama Leah takan sauka daga kabu-kabu a bakin ƙofa, ta shiga ɗakin kwamfuta, ta buɗe tagogi, ta jona caji idan an yi sa'ar wuta. 'Yar Dabai ce, mijinta soja ne, ya rasu a bakin aiki, tana zaune a unguwar Rikoto. A ƙarshen zangon nan za ta ajiye alli, bayan shekaru masu yawa tana koyarwa a wata sakandare a nan Zuru.

Da aka koma rubuta jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta, ɗalibanta suka riƙa faɗuwa, don da yawansu ba su taɓa amsa tambaya a kan allon na'ura ba. Intanet kuwa ba abin dogaro ba ne a nan. Sai ta zauna ta koya wa kanta yadda ake ɗora wa kwamfutarta sabar, wato manhajar da ke sa na'ura ta miƙa shafuka ga wayoyin da ke kusa da ita. Ta haɗa da rumbun bayanai, ta zuba tambayoyin da ta buga da hannunta shekara da shekaru, da darussan da ta ɗauka a bidiyo. Ta sayi 'yar na'urar wayfai. Daga nan kowane ɗalibi na iya yin gwaji a harabar makaranta, ko akwai sabis ko babu.

Wannan kaɗai ya isa a gode mata. Amma abin da mutanen gari ke tuna ta da shi daban ne.

Wata damina, 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka a ɓangaren Wasagu. Da hantsi mutane suka fara kwararowa gari, wasu a ƙasa, wasu a babura, wasu a bayan motar kaya. Aka sauke wasu a makarantar Malama Leah, wasu a harabar coci, wasu a filin masallaci. A wajen gudu iyali sun warwatse, ga sabis ya ɗauke, babu mai iya kiran wani.

Cikin waɗanda aka sauke a makaranta akwai wata mata, Fadima, ƙafafunta sun kumbura, tana bin aji-aji tana leƙawa. Ta riƙe hannun Malama Leah.

"Malama, ɗiyata. Da munka fito daji wani mai babur ya ce in miƙo ta, ba wurin da zan zamna. Na miƙa. Ban san shi ba, ban san inda sunka yi ba."

"Yaya sunanta?"

"Khairunnisa. Ko magana ba ta gama iyawa ba."

Malama Leah ta dubi harabar. Irin Fadima sun fi a ƙirga. Ta juya ga abokin aikinta, Malam Lukuman, mai koyar da Larabci, ta ce, "Malam, tara mini malamai masu waya. Kowa za mu ɗauki hotonsa da sunansa da ƙauyensa."

Ta kunna kwamfuta. Sabar ta tashi, amma rumbun bayanai ya ƙi. Ta sake dannawa, ya nuna ja. Babu wuta tun jiya, batir na ta sauka, kuma babu intanet balle ta nemi shawara. Malamai sun yi cirko-cirko a bayanta, Fadima na tsaye a taga. Malama Leah ta buɗe bayanin matsalar, ta karanta a hankali. Cikin kwamfutar ne ya cika maƙil, babu sauran wuri. Darussanta da tambayoyinta ne suka cinye shi, kuma ba ta da wata ma'ajiyar da za ta kwashe su.

Malam Lukuman ya gane abin da take shirin yi. Ya sunkuyo ya ce, "Malama, aikinki ne na shekaru. Bari in zagaya gari ko za a samu inda za a juye."

"Kafin ka dawo batir ya mutu, Malam."

"To yaran da za su yi jarrabawa fa?"

Ta dubi taga. Sannan ta ce, "Tambaya ana sake buga ta." Ta goge su duka.

Ta sake danna rumbun. Alamar ta tsaya jim kaɗan, sannan ta koma kore. Nan take ta gina sabon rumbu, ta haɗa ɗan shafi mai sauƙi: suna, ƙauye, hoto, inda aka sauka, da wanda ake nema. Malamai suka bazu cikin jama'a da wayoyinsu.

Sai wata matsalar ta taso. Wayfai ɗin bai wuce katangar makaranta ba, ga mutane a coci da masallaci. Malama Leah ta rufe kwamfutar, ta naɗe ta a leda saboda hadarin da ya haɗo, ta ce, "Malam, tayar da babur ɗinka. Tunda ba za su iya zuwa wurinta ba, ita za ta je."

Haka suka yi. A filin masallaci wani mai cajin waya ya tayar musu da janareto, batir ya ɗan farfaɗo. Suka shigar da sunayen mutane, ba Khairunnisa. Ruwa ya tsuge musu a hanyar coci, Malama Leah ta dunƙule a kan ledar, bayanta ya jiƙe sharkaf. A can wata mai sayar da abinci, Joyce, ta zo da yarinya a goye.

"Mama, wannan wani mai mashin ya ajiye mini ita, ya koma ɗauko wasu. Ta ƙi cin komai. In na tambaye ta suna, sai ta ce Nisa."

Malama Leah ta tuna da Khairunnisa, amma tana tsoron sa wa uwa rai a banza. Ta ɗauki hoton yarinyar, suka koma makaranta. Malam Lukuman ya miƙa wa Fadima wayarsa, yana ture hotunan yara ɗaya bayan ɗaya. Fadima na girgiza kai, tana girgiza kai, sai ta ƙwala ihu ta durƙushe da wayar a ƙirjinta. Waɗanda suka ga haɗuwarta da ɗiyarta a harabar coci sun ce har Joyce sai da aka rarrasa.

Ba kowa ne ya dace ba. Akwai wani dattijo, Baba Dodo, da ya yi ta zuwa kullum yana neman ɗansa, kullum Malama Leah na buɗe masa shafin, su duba tare har ƙarshe. Ba a samu ba. Ba ta taɓa ce masa ya daina zuwa ba.

Malama, ke ce kika zauna duk hutun da ya biyo baya kina sake buga tambayoyin nan daga farko, ba ki gaya wa kowa ba, har ɗalibanki suka yi gwajinsu kamar ba abin da ya faru. Ke ce uwar da ba ta tambayi wace ƙofa yaro ke shiga ya yi ibada ba kafin ta neme shi. Ba a ba ki lambar yabo ba, ba a kira sunanki a rediyo ba. To mu mun kira shi yau. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma malamai da ma'aikatan asibiti da duk mai kwamfuta a gida, Malama ta ce daga wata mai zuwa ƙofarta a Rikoto a buɗe take kowace Asabar, ga duk mai son koyon haɗa irin wannan. Ku je tun ana zaman lafiya. Ranar da za a buƙace ku, babu lokacin koyo.