Matakalar da Na Goge a Tsakiyar Titi

Shekara guda da gama karatun injiniya a Samaru na samu aiki a wani ƙaramin ofis a unguwar PZ, saman shagon masu tayoyi. Ni kaɗai ce mace, ni ce kuma ƙarama, don haka duk aikin zama gaban kwamfuta ni ake turo wa. Kullum na hau bas daga Samaru gabana faɗuwa yake yi, domin zanen jarrabawa daban, titin da mutane za su taka daban.

Aikina na farko wani gajeren titi ne a cikin Sabon Gari, da lambatu a gefensa. Mai awonmu, wani dattijo da kowa ke kira Baba, shi ya fita da na'ura ya auno tsayin ƙasa wuri-wuri. Ya yi rabi, zazzaɓi ya kwantar da shi, sai bayan mako biyu ya ƙarasa. Nawa shi ne in zuba lambobinsa cikin manhaja, ita kuma ta haɗa ɗigo da ɗigo har fuskar ƙasar ta fito a allo kamar an shimfiɗa raga. A kan wannan fuskar nake ɗora titi, in nuna wa ruwa inda zai bi.

Da ta fito sai na ga matakala a tsakiyar titin. Daidai inda awon farko ya haɗu da na biyu, ƙasar ta zurma da kusan taƙi guda. Na bi layin nan da ƙafata, na san babu wannan a can. Abin da ya kamata shi ne in tambayi Baba. To amma Baba ya fara awo tun ba a haife ni ba, kuma in ka ce masa "anya", kallon da zai yi maka sai ka gwammace ƙasa ta tsage ka shige. Oga kuwa yana jiran zane ranar Alhamis. Sai na goge ɗigogin da ke bakin matakalar, manhaja ta ja gangare mai santsi, abin gwanin kyau. Na bi gangaren da lambatu har zuwa kwalbatin ƙarshen layi, na miƙa, Oga ya sa hannu.

An zuba kankare har an wuce rabi lokacin da aka tura ni duba aiki. Rana ta dame ni, na raɓa inuwar wani shagon kayan masarufi. Mai shagon tsohuwar malamar firamare ce daga kudancin Kaduna, ɗakinta yana bayan shagon. Ta ba ni kujera da ruwan leda. Ina sha idona ya sauka kan dakalinta, na ga jan gicciye na fenti, alamar da Baba ya ɗora sandar awonsa a kai, wadda duk awon titin daga kanta ya tashi. Simintin da ke ƙarƙashinta sabo ne fil.

Na ce, "Mama, kin gyara dakalin nan ne?"

Ta ce, "Na ƙara masa bulo ɗaya, 'yata, saboda damina. Babanku ya ce in kula da alamar, kada yara su goge. Ni ne da kaina na sayo fenti na mayar da shi daidai wurin. Ko ɗan yatsa ban kauce ba."

Na ajiye ledar ruwan. Ashe da Baba ya warke ya dawo, ya ɗora sanda a kan sabon dakali, yana zaton tsohon ne. Ke nan rabin titin na biyu ya fi yadda na zana tudu da bulo guda, kuma gangaren da na ba ruwa bai kai haka ba. Ruwan ba zai kai kwalbati ba. Baya zai dawo, ya taru a ƙofar matar nan.

A keke napep na koma ofis. Na gaya wa Oga labarin dakali tiryan-tiryan, amma zancen matakalar da na gani na goge, ban faɗa masa ba. Oga ya kira ɗan kwangila ya ce a dakata. Baba ya sha faɗa a gabana, dattijo da furfurarsa. Aka tsayar ranar Litinin za a sake awo.

Ran Asabar da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Ina ɗakina a Samaru ina kallonsa ta taga, ina roƙon Allah ya sa iska ta watsa shi. Aka tafka ruwa har kusan magariba.

Washegari da sassafe na isa layin. Ruwan ya haura sabon dakalin, ya shiga shago ya wuce ɗaki. Mama ba ta je coci ba, tana tsaye cikin laka da tsintsiya, katifarta da littattafanta na koyarwa a shanye kan benci. Da ta gan ni sai ta ajiye tsintsiyar ta kama hannuna.

Ta ce, "An gaya mini dakalina ne ya ɓata muku aiki. Ki yafe mini, 'yata, kada su kore ki saboda ni."

Na ce, "Ba komai, Mama."