Baba Sai-an-laluba Ya Ajiye Famfo

Kafin masu shaguna su buɗe, Baba mai faci ya riga ya share gindin bishiyarsa ta bakin titi, ya cika tsohon bahonsa da ruwa, ya jera famfo da gam da almakashi a kan buhu. Shekara talatin da bakwai ke nan. In an kawo keke sai ya zare tiyub, ya ba shi iska, ya nutsa a ruwa har kumfa ta tona inda hujin yake. Ya kankare, ya shafa gam, ya liƙa. Wannan kam kowane mai faci yana yi. Amma shi ba ya mayar da tiyub sai ya zura yatsu cikin taya ya bi ta kaf, yana neman abin da ya yi hujin. Ka yi ta masifa kana sauri, amsarsa ɗaya ce: "Sai an laluba." Har maganar ta zame masa suna.

Malamin lissafi na unguwar ya ɗanɗana zafin wannan magana. Ranar jarrabawar ƙarshe ta 'yarsa, ya goyo ta a keke, taya ta sace daidai wajen Baba, saura minti ashirin a rufe ƙofa.

"Baba, don Allah liƙa kawai mu tafi!"

"Sai an laluba, Malam."

"Haba Baba! Makomar yarinyar nan fa!"

"Ai ita nake dubawa."

Ran Malam ya ɓaci ƙwarai, kamar ya fizge keken. Sai ga Baba ya zaro wata 'yar waya siririya kamar gashi, jini na tsattsafowa a ɗan yatsansa. Da ya bar ta, da a tsakiyar hanya za su sake sauka, inda babu mai faci. Sun isa ana shirin tura ƙofa. Yarinyar nan yau nas ce a asibiti.

A watan jiya Malam, wanda shi ma furfura ta cim masa, ya kai keken aka yi faci. Bai yi nisa ba taya ta sake sacewa. Abin da bai taɓa faruwa ba! Ya turo keken ya dawo yana tsokana: "Baba, yau kuma an manta da laluben ne?"

Baba bai yi dariya ba. Ya bi tayar sau ɗaya, sau biyu, ya ce babu komai. Malam ya zura nasa hannun, nan take tsinin ƙusa ya soke shi.

Baba ya daɗe yana kallon yatsunsa. "Wata da watanni ina jin su kamar na sa safar hannu. Ashe har abin ya kai haka."

Tausayi ya kama Malam, ya yi da-na-sanin tsokanar. "Kowa yana kuskure, Baba. Daga ni sai kai muka sani."

"Mutum zai yarda da ni ya hau keke ya yi nisa, Malam. In ba na jin ƙusa, me nake liƙa masa? Ƙarya?"

Ran nan tun rana tsaka ya zubar da ruwan baho, ya naɗe buhunsa. Washegari Malam ya matsa masa suka je asibiti wajen 'yar Malam ɗin, nas ɗin nan. Baba ya miƙa mata hannu yana ƙorafi: "'Yata, ba ni magani kawai in tafi."

Ta riƙe yatsun nan masu kanta, tana latsa su ɗaya bayan ɗaya, idonta cike da hawaye. "Sai an laluba, Baba."

Ciwon suga ne ya kashe masa jin yatsun, kuma an fara magani.

Baba, kai ne ka ba da jinin yatsunka don kada mutane su yi cirko-cirko a hanya. Kai ne da ka ga ba za ka iya aikin yadda ya kamata ba, ka ajiye shi, alhali ba ka da wata sana'ar. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Mu kuma da muke liƙe aiki sama-sama mu wuce, kafin mu ce mun gama, mu daure mu zura hannu ciki tukuna.