Akori-kurar Alassan da Kwandunan Kifi

Alassan Hamani yana da shekara hamsin da takwas, mata ɗaya, 'ya'ya biyar, da tsohuwar akori-kura wadda kowa a Gaya ya san ƙararta. Shekara ashirin ke nan yana kai mata masu sayar da banda kasuwannin Yelu da Jinju, su da kwandunansu a baya.

Da ya ga ya ɗan tara, sai ya buɗe shagon shinkafa kusa da hanyar gada. Wani asusun ba da rance ya ba shi miliyan biyu, ya ajiye musu kartigiriz, wato takardar mallakar motar, a matsayin jingina. Ba a yi wata shida ba aka rufe iyakar Benin a 2023. Manyan motoci suka daina wucewa, shago ya mutu, ya je kotu ya ce ya karye. Kantar shagon da sikelin duk aka sayar. Motar ce kaɗai ke hana shi sukuni, don ita ke ciyar da gidan.

Ranar da wakilin asusun ya zo da makanike don yi mata kuɗi kafin gwanjo, Bibata, shugabar matan banda, tana zaune a kan kwandonta tana jiran tafiya. Makanike ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa.

"Malam Alassan, batir ne?" in ji wakilin.

"Ranka ya daɗe, rabonta da tashi da makulli tun auren 'yata ta fari, Nuriya."

Bibata ta miƙe ta ɗaure zani. "Matsa, ɗana, ka ga yadda ake yi." Mata shida suka kama baya, suka tura ta gangaren da Alassan ke ajiye ta kullum, ta yi tari sau biyu ta kama. Haka suke yi kowace safiya, shi ya sa bai taɓa ƙara musu kuɗin mota ba.

Makanike ya leƙa ciki, warin kifin shekara ashirin ya koro shi. Ya ce ko a gwanjo ba za ta wuce jika ɗari uku ba, wato sefa dubu ɗari uku.

"Wanda ya saya sai ya haɗa da mu," in ji Bibata, "kuma mu da tsada."

Wakilin ya yi dariya, amma ya yi lissafi. Bayan mako biyu asusun ya yarda, a gaban kotu, cewa in an kawo jika ɗari ukun a dunƙule zai saki takardar, sauran bashin ya bi sahun na sauran masu bin sa. Alassan ba shi da ko jika goma. Matan suka ba shi kwasar adashinsu biyu a jere, a kan zai kai su kasuwa shekara guda ba su biya ba, su dai zuba mai.

"Baban Nuriya, ba don kai muka yi ba," Bibata ta ce masa. "Wa zai ɗauke mu da wannan wari?"

Makon jiya ya karɓo kartigiriz ɗin. Ya naɗe shi a leda, ya miƙa wa Bibata ta ajiye masa, sannan ya shiga mota ya jira a tura.