Kunyoyi Shida da Baba Ya Mayar wa Shanu

Daminar bana ce ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar mahaifina, Malam Haruna, manomi kuma malamin zaure a wani ƙauye kusa da Bagwai. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana kam shirun ya gagare ni, domin aikin da ya rasu ya bari da saura ya kammala, kuma ina so a ji.

Baba mutum ne mai son tono asalin kalma, har mukan ce wanda ya gaishe shi da Larabci ya shirya yin hantsi a zaure. Kalmar da ya fi ƙauna ita ce fathu. Yakan ce tushenta buɗewa ne kawai, irin na ƙofa. Daga nan Larabawa suka sami miftahu, wato mabuɗi, da Fatiha da muke buɗe karatun salla da ita, da sunan Allah Alfattahu, Mai buɗi. Da yake garuruwan da suna da ganuwa, in gari ya faɗa hannun mayaƙa sai a ce an buɗe shi, ta haka kalmar ta ɗauki ma'anar cin gari da yaƙi. Mu samari wannan ta ƙarshen ce kaɗai ke shiga kunnenmu. Shi kuwa sai ya tuna mana cewa ranar Fathu Makka afuwa aka yi wa mutanen gari.

Bayan gonarmu akwai burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, da shingen aguwa hagu da dama. Ƙasarmu kuwa ba inda za ka jefa fartanya ba ta faɗa gonar wani ba. Saboda haka duk damina sai manomi ya ɗan tura shingensa ya ƙara kunya ɗaya, maƙwabci ya gani ya ƙara tasa. A hankali burtalin ya tsuke har shanu biyu ba sa jerawa. Wata shekara garken Arɗo Bello ya rasa wurin bi, ya afka wa geronmu da ya kai gwiwa. Ni ne babba a gida, ni ne kuma uban zafin kai. Na tara samari da sanduna, muka ce yau sai rugar ta tashi.

Baba bai yi mana wa'azi ba. Cewa ya yi mu biyo shi gona, da sandunan namu. Ya tsaya gindin tsohuwar tsamiyar da ke bakin burtali ya yi ta ƙirga taku, sannan ya dube ni ya ce, "Kunyoyi shidan nan ba namu ba ne. Biyu kakanka ne ya ci, huɗu ni ne. Tumɓuke aguwar nan ka mayar da ita baya." Na yi, ina tumɓuka ina hawaye, kuma ba zan yi ƙarya ba, hawayen haushi ne.

Gari ya sami abin dariya. Aka ce an yi wa Malam ɓarna ya bi da tukuici. Shekara biyu ba wanda ya bi sahunsa, burtali ya zama kamar macijin da ya haɗiye kwaɗo, faɗi a wajenmu, tsuke gaba da baya. Sai dai alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk kaka, bayan an kwashe amfani, sai Arɗo ya sauke garkensa a gonarmu har ta ƙoshi da taki. Da dawarmu ta fara tsokane wa maƙwabta ido, sai shingaye suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, wasu don Allah, wasu don taki. Baba ya ce shi bai tambayi kowa dalilinsa ba.

Mutum ɗaya ne ya kafe, Alhaji Ɗanladi, wanda ya rantse ba zai ba da ko taku ɗaya ba. A gonarsa shanu sai dai su bi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk shekara sai an yi rigima a wurin. Baba ya rasu da wannan a ransa. Mu ma kanmu mun kusa warware aikin. Ranar rabon gado muna da yawa, gona ba ta ƙaru ba. Mai rabo ya riƙe igiya ya tambaya ko a auna har tsamiya, wato a haɗa da kunyoyi shidan nan. Na yi shiru, shirun da har yau nake jin nauyinsa. Ƙanwarmu Hauwa'u ce ta ce, "In ƙasa ce ta yi muku kaɗan, Yaya, ku ɗiba a nawa, ku bar wa shanu nasu." Ba wanda ya sake ta da maganar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, gonaki ana yanka su filaye, waya na kawo mana labarin jinin manoma da makiyaya daga wasu wurare, matasa ba sa kiran abu nasara sai sun ga wani a ƙasa. Na san zai yi baƙin ciki. Amma da sai in kama hannunsa mu zaga bayan gari.

Domin bana, kafin shuka, Alhaji Ɗanladi ya aika a kira ni. Na tarar da shi ya dogara sanda, 'ya'yansa na tumɓuke aguwa. Ya ce, "Shekara goma sha bakwai ina jiran wani daga gidanku ya zage ni ko ya kai ni ƙara, in sami abin kamawa. Ba wanda ya yi. Ubanka ya ci ni da yaƙi yana kwance a kabari."

Zauren Baba ya rushe, littattafansa mun raba, Larabcin da ya ɗora mini rabinsa ya gudu. Amma makon jiya na tsaya na ga garken 'ya'yan Arɗo na tafiya huɗu-huɗu a jere tun daga bayan gari har bakin ruwa, gero hagu da dama, ko kara ɗaya bai karye ba. Allah Ya yalwata wa Baba kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa dabbobin da ba su da bakin gode masa.