Hannun da Ke Gano Kogo a Cikin Ƙarfe

Shekarar da aka ɗage kullen korona, wani abu ya same ni da har in mutu ba zan manta ba. Na bar Getso na tafi cin rani Kano, na samu dako a wata masana'anta da ke zuba kayan famfon ban ruwa da ƙarfen da ba ya tsatsa.

Akwai wani dattijon injiniya, mutumin Kabo, shi ke duba kayan kafin a fitar. Yakan shafa mai a jikin ƙarfen, ya ɗora ɗan kan na'urarsa yana ja a hankali. Na'urar na aika sautin da kunne ba ya ji, in akwai kogo ko tsagewa a ciki, sai wani layi ya miƙe a gilashinta. Amma wannan ƙarfen yana cika gilashin da ƙananan layuka barkatai, shi kuma idonsa ya fara rauni.

Wata rana ina riƙe masa ƙarfe na ce, "Baba, koma baya kaɗan. Wancan layin ba irin sauran ba ne."

Da aka yanka, sai ga kogo kamar ƙwayar wake.

"Kai, Bagetse! Wa ya koya maka?"

"Wanda ya saba tsince ciyawa a cikin gero ai ba ya ruɗewa, Baba."

Wata bakwai yana ba ni na'urar ina ja, shi yana rubutawa. Ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Rannan ya miƙo mini takarda. "Cika wannan. Jarrabawa za ka yi, ka gaje ni. Idona ya gaji."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Na kasa ce masa ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Washegari na hau motar Gwarzo na koma gida ban yi masa sallama ba. Sau biyu ya aiko a neme ni, na ce aikin gona ya riƙe ni.

Yanzu shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na cika takardar nan da hannuna, na nufi Kabo da ita. Na tarar an yi arba'in ɗinsa.

Na gane kunyar cewa "ban iya ba" ta fi rashin iyawar ɓarna. Na rasa sana'a ɗaya, da uba ɗaya, da sallamar da ban yi ba.