Yadda Na Cire Sunan Mahaifina Na Ɗinka Hernandez

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in amayar da ita ko na samu sauƙi. A lokacin da abin ya faru ni matashin ɗan kasuwa ne daga Kano, ina zirga-zirga zuwa Guangzhou ana ɗinko mini wandunan jins. Tafiya uku kacal na yi amma kaina ya riga ya fasu. Na iya gaisuwarsu ta nihaw, na iya kiran mai shago lawban, na iya hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da na ɓata ba, shi ke nan sai na ɗauka na gama wayewa. Duk wanda bai taɓa hawa jirgin sama ba kallon baƙauye nake yi masa, kuma kaicona, har da mahaifina a ciki.

Mahaifina tela ne, ya tsufa a kan keken ɗinki a Fagge. Wando shi ne sana'arsa, kuma duk wandon da ya fita daga shagonsa akwai ɗan farin ƙyalle a cikin ƙugu mai ɗauke da sunansa. 'Yan kasuwar Maraɗi da na Damagaram ba sa tsayawa duba ɗinki, ƙugun kawai suke juyawa, in sun ga sunan su ɗauka. Da idonsa ya fara rauni ya miƙa mini ragamar, ya kuma yarda in kai aikin China tunda can ya fi sauƙi. Sharaɗi biyu ya gindaya mini: in duba ɗinki da hannuna kafin a rufe kwali, kuma kada wando ya fito ba wannan ƙyalle. Na amsa da to, amma a zuciyata dariya nake yi. Ina ganin wane mai jins ne zai so ya juya ƙugunsa ya ga sunan wani tsoho na Fagge.

A Xintang ake yi mini ɗinki, garin da duk lungun da ka leƙa shuɗin yadi ne da ƙarar kekuna. A masana'antar da nake zuwa na fara ganin sunan a jikin kwalaye, an rubuta da baƙin alƙalami: Hernandez. Bayan kwana biyu na gan shi a wani shago a kasuwar Shahe, a jikin buhunan riguna da aka ɗaure. Na je siton masu jigilar kaya a Panyu, ga shi nan kuma a kan kwalayen takalma. Mu a Kano in ka ga suna ɗaya a kan yadi, a kan takalmi, a kan motar kaya, ka san babban gida ne, akwai wani attajiri da 'ya'yansa da jikokinsa a bayan sunan. Da wannan ma'aunin na auna, ban tambayi kowa ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa Hernandez wani gagarumin gidan kasuwanci ne na Turawa da ya mamaye Guangzhou. Da na nuna wa lawban ɗina kwalin, ya ɗaga babban yatsa ya ce mai saye ne na kirki, ni kuwa na ƙara hawa.

Ana cikin haka na haɗu da wani mutum a wani gidan abincin halal da 'yan Afirka ke taruwa. Gajere ne mai tumbi, gashinsa ya sha mai, yana fama da turare kamar wanda ya faɗa cikin kwalbar. Ya miƙo mini katinsa, ina dubawa na ga sunan nan, Hernandez. Na tambaye shi cikin Turancina na kasuwa ko shi ɗan gidan nan ne da nake ganin kayansu ko'ina. Ya kalle ni, ya yi murmushi ya ce ai danginsu suna da yawa. Yanzu in na tuna wannan murmushin sai in ji kamar in mari kaina. Bai ma wahalar da kansa wajen shirya ƙarya ba, ni na shirya ta na miƙa masa, shi dai gyaɗa kai kawai ya riƙa yi.

Daga ranar na zama bawansa. Ni ne kai shi cin gasasshen rago, ni ne riƙe masa jaka a tashar jirgi, in ya yi tari in ce sannu. Mutum ne ci-ma-zaune, ɗaki ɗaya yake haya a can ƙarshen Panyu, bai taɓa bari na shiga ba, ni kuma na fassara hakan da cewa manya ba sa son a san sirrinsu. Takalminsa ya cinye ta gefe, na ce sauƙin kai ne irin na masu arziki. Da na roƙe shi izinin sa sunan gidansu a wandunana, ya yi ta jan rai na mako guda, sannan ya kawo wata takarda da harshen da ba na ji, da jan hatimi irin wanda ake sassaƙa wa kowa a bakin titi. Don godiya na ba shi babbar rigar da mahaifina ya yi mini aikinta da hannu tun idonsa na gani. Ya sa ta a gabana yana juyi, yana ɗaukar kansa hoto yana ƙyaƙyata dariya, ni ma ina taya shi.

Mutum ɗaya ne ya yi ƙoƙarin dawo da ni hanya, wani Alhaji ɗan Maraɗi, abokin cinikin mahaifina tun ina goye, wanda muke sauka masauki ɗaya. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce mini. Bayan sallar Juma'a na nuna masa takardar ina cika baki. Ya juya ta ya sake juyawa, ya tambaye ni ina gidan wannan patiron nawa, wato ubangidana, yake, wace sana'a ubansa ke yi, wa ya taɓa ganin sitonsa.  Ya ce shi dai abin da yake kaiwa Maraɗi sunan babana ne, in na cire shi to in nemi wasu masu saye. Na ce masa zamani ya wuce su, su tsofaffi sun saba da kasuwar raƙumi. Bai yi fushi ba, ya naɗe dardumarsa ya ce Allah ya shirye ni, kalmar da a lokacin na ji ta kamar zagi.

An riga an gama ɗinkin wandunan da sunan mahaifina a jiki, don haka sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye a ɗakin ɗinki a Xintang mata huɗu suka zauna da ƙananan almakashi suna farke farin ƙyallen suna jefarwa ƙasa, wasu kuma suna ɗinka fatar roba mai ruwan ƙasa da aka buga wa Hernandez da manyan baƙaƙe. Kafin la'asar ƙasan ɗakin ta yi fari da sunan babana. Lawban ya tambaye ni ta bakin tafinta ko a tattara mini su, na ce a share. Na ga mai shara ta tura su da tsintsiya cikin tarkacen zare, ana takawa ana wucewa, kuma wallahi ko gezau ban yi ba. Abin da ke raina kawai shi ne yadda 'yan kasuwar Kwari za su buɗe baki in sun ga kayana.

Kwantena ta kama hanyar teku da kwana tara na koma siton Panyu karɓar takardun kaya. Muna zaune a kan benci ana kiran mutane, sai ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta kira Hernandez. Mutum uku suka miƙe lokaci ɗaya, wata mata mai gilashi, wani dogon saurayi da wani dattijo mai kama da 'yan Asiya. Suka kalli juna suka fashe da dariya. Na matsa da rawar jiki ina gaishe su, na ce ni ma abokin hulɗar gidansu ne, har na zaro takardata. Matar ta ce wane gida, ita daga Meziko take, saurayin daga Kolambiya, dattijon daga Filifin, kuma yau suka fara ganin juna. Ta karanta takardar tana danne dariya, ta ce abin da aka rubuta shi ne mai wannan suna ba ya hana kowa amfani da shi, wanda gaskiya ne, domin ba shi da ikon hanawa.

Ta ce ta taɓa koyarwa kafin ta shiga sayar da jakunkuna, kuma da alama koyarwar ba ta sake ta ba, don zaunar da ni ta yi ta bi mini abin daki-daki. Sunan daga Sifaniya ya fito, kuma ma'anarsa ɗan Hernando, ba wani abu ba. A zamanin da can haka suke kiran yaro da sunan ubansa, daga baya sunan ya daskare ya zama na zuriya, shi ya sa duk garin da aka taɓa yin wani Hernando aka samu masu sunan, ba tare da sun haɗa jini ba. Shi kansa Hernando tsohon suna ne da wasu ƙabilu daga arewacin Turai suka shigo da shi, ana cewa yana nufin jarumin matafiyi. Da jiragen ruwan Sifaniyawa suka ci ƙasashe, suka tafi da shi, aka riƙa laƙaba wa mutanen da aka mulka da bayi da barori. Ta ce a ƙasarsu babu sunan da ya kai shi yawa, direba da mai gyaran famfo da fursuna duk za ka samu da shi. Kwalayen da na gani kuwa na mutane daban-daban ne, kowa da ɗan cinikinsa. Daga nan ta tambaye ni wane suna ne a jikin wandunan kafin wannan. Na ce na mahaifina. Ta gyara gilashinta ta miƙo mini takardar.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wato na yanke sunan ubana, mutumin da unguwa ta san shi, na biya an ɗinka mini tambarin da ke cewa ni ɗan wani ne da ya mutu ɗaruruwan shekaru, wanda ko masu ɗauke da sunan ba su san kabarinsa ba. Na nemi mai tumbin nan a waya, ya ɗauka yana tauna wani abu, ya ce shi bai taɓa cewa yana da masana'anta ba, ni na faɗa. Da na ambaci rigar ya ce ya aika wa ƙaninsa ya sa a bikin shigar ban dariya da suke yi. Ban ma iya zaginsa ba. Tsinannen nan gaskiya ya faɗa, kuma wanda ya fi cancantar zagin yana riƙe da wayar a wannan ɓangaren.

Kayan sun iso Kano, an sayar da su yadda ake sayar da kowane jins marar asali, a zube, ana taya su kamar tumatir. Mutanen Maraɗi suka juya ƙugu suka ajiye. Amma ba wannan ne ya karya ni ba. Al'adar mahaifina ce duk kayan da suka zo a kai masa wando ɗaya ya shafa. Na so in ɓoye, ya aiko a kawo. Yana zaune a kan tabarma a zaure ya bi ɗinkin da yatsa ya ce ya yi kyau, sannan ya zura hannu cikin ƙugu yana laluben ƙyallensa. Ya lalubi dama, ya lalubi hagu, ya tsaya a kan ramukan allurar da aka farke. Ya juya bayan wandon ya taɓa fatar robar, ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya tambayi ma'anarsa, kuma da yake ƙaryata ta ƙare, na gaya masa. Sai ya tambaye ni a hankali ko shi wannan Hernandon ne ya koya mini riƙe almakashi.

Na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, hakkinsa na uba babu komai a kaina. Amma ya ce in kawo masa ragowar naɗin ƙyallen da ke shago, kuma daga ranar kada in sake sa sunansa a kan kaya, tunda ya ga yadda nake riƙe shi. Na tura Alhajin Maraɗi ya roƙa mini, na tura kawuna, na tura mahaifiyata. Ya ce maganar ɗa daban, maganar suna daban. Yana shi mini albarka, muna cin abinci kwano ɗaya, amma bai janye ba har Allah ya karɓi abinsa a damina ta gaba. Naɗin ƙyallen a ƙarƙashin matashinsa muka same shi.

Abin da na koya shi ne raini makanta ce. Na raina abin da na sani ciki da waje, na durƙusa wa abin da ban san komai a kansa ba, don kawai baƙaƙensa na Turawa ne. Ina ganin irina har yau a Shahe da Xintang, samari suna zaɓar sunaye a waya suna ba lawban ya buga, ko faɗar su ba su iya ba, suna hura hanci wai sun yi kamfani. Ba na jin tausayinsu, haushi suke ba ni, don fuskata nake gani. Ɗan'uwa, kafin ka liƙa suna a kayanka ka tambayi na wane ne, me yake nufi, mutum nawa ke amsa shi. In kuma akwai wanda wani ya yi shekaru yana wanke maka da guminsa, ka riƙe shi da hannu biyu tun mai shi yana raye. Ni har yanzu ina zuwa Guangzhou, ina duba ɗinki da hannuna kamar yadda ya ce. Duk tafiya lawban sai ya tambaye ni wane suna za a sa a ƙugu, ni kuma in ba shi amsa da kalmarsu ta babu, in ce meyo. Haka wandunana ke fita, ba sunan kowa a jikinsu.