Hoton da Ya Same Ni a Zaman Makoki

Shekarun da na yi ina karatu a waje, aikina ɗaya ne. Nakan ɗebi ƙwayoyin zinare ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, in gauraya su da wani irin maiƙo, in shafa siriri a kan gilashi. Abin da muke nema shi ne maiƙon ya sa ƙwayoyin su jeru da kansu. Kullum sai su yi gudaji, kamar kunun da ba a dama da kyau ba.

Ina tsaka da wani sabon gwaji yayana ya kira daga Fagam.

"Inna ce. An kwantar da ita a asibitin Birnin Kudu. In za ka zo, ka zo."

Na bar wa abokiyar aikina gilasan, na kamo hanya. Na iske Inna da sauran numfashi, ta rame ƙwarai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Na ce na ci. Washegari da la'asar Inna ta cika.

Ban yi kuka ba. Na kama makara, na zuba ƙasa, na amsa gaisuwa, duk kamar wani ne ke yi ina kallo.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, mutanen Zandam sun tashi ke nan, wayata ta motsa a aljihu. Abokiyar aikina ce ta turo hoto daga madubin ƙara girma. Ƙwayoyin sun jeru layi-layi, tsaf, kamar kunyoyin gero. A ƙasa ta rubuta, "Ya yi!"

Na daɗe ina duban hoton. Na laluba zuciyata, ba murna, ba komai.

Yayana ya leƙo. "Mene ne wannan?"

"Aikina ne ya yi, Yaya."

"To, madalla. Allah ya sa albarka." Ya gyara zama. "Ga mutanen Gwaram nan, tashi ka ƙaro tabarma."

Na tashi na ɗauko.

Ban koma ba sai da aka yanke dawa. Na maimaita gwajin, ya sake yi. Malamina ya tara ɗalibai ya yi ta yabona, aka kawo lemo. Na sha nawa, na yi godiya, na koma ɗakina na kwanta da takalmi a ƙafa.